Jinin Baba Nomau

Ku da aka ɗauka wannan sabon aiki na auna tsofaffi, na ji abin da ɗayanku ya faɗa a zaure kafin ku shigo. Ya ce ai ba wani aiki ba ne, tsoho ya zauna, a ɗaura masa abu a hannu, a tambaye shi me ya ci jiya, a sallame shi. Kunnena bai mutu ba tukuna. Ku gyara tabarmar ku zauna. Ni ba zan zauna ba, ƙafata ba ta son zama, sai dai ku bi ni da ido. Na yi aikin nan ta fuska biyu, an auna ni, na kuma kawo waɗanda aka auna, kuma babu mai sauƙi a ciki.

Sunana Kulu, amma tun da jikoki suka zo kowa Inna Kulu yake cewa. Kafin wannan aiki shinkafa nake turarawa, nan unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, bayan wancan ɗakin da kuke gani. Ana kawo mini shanshera daga fadamar Ambursa, in jiƙa, in ɗora a rabin duro, in kwashe in shanya, in kai inji. Tun mijina na raye nake yi, bayan ya rasu ma da ita na riƙe gidan. Shekarar da aka ba mu jiha, aka dawo da ɗana Ummaru daga Sakkwato ya kama aiki a sabuwar sakatariya. Gari ya cika da baƙin ma'aikata, kowa na neman ɗakin haya, kowa na neman shinkafa, ciniki bai taɓa kyau irin na lokacin ba. A daidai nan Ummaru ya ce in bari.

"Inna, ki huta haka nan," in ji shi. "Abokan aikina suna zuwa gaishe ki, su tarar da ke cikin hayaƙi, ido jajir. Me za su ce da ni?"

Na ce su ce uwarka na da ƙarfi. Bai yi dariya ba. Aka kwashe durorina aka kai wa ƙanwata. Na yi watanni ina share tsakar gidan nan har ƙasa ta fara zaizayewa, in shiga maƙwabta in fito, in tsince waken da an riga an tsince. Asuba ta yi, in tashi, in rasa abin da zan ɗora a wuta.

Wata safiya na raka maƙwabciyata asibiti, sai na ga wata ma'aikaciyar jinya tsaye a baranda tana yi wa tsofaffi magana. Sista Rahila ke nan, 'yar ƙasar Zuru, doguwa, ba ta ɗaga murya. Ta ce wasu likitoci ne daga jami'a suke son sanin yadda tsufa ke tafiya a jikin mutanenmu, me ya sa wani ke noma har gashinsa ya yi fari fat, wani kuma ya kwanta tun da sauransa. Ta ce za a riƙa auna mutum kowace shekara, a ɗibi jini kaɗan.

"Ba magani muke rabawa ba," in ji ta. "In mun ga ciwo za mu faɗa muku, mu tura ku ga likita. Wanda ba ya so, ba dole. Wanda ya shiga ya gaji, ya fita, ba wanda zai tambaye shi dalili."

Tana cewa ba magani, benci ya fara watsewa. Ni ko na tambaye ta yaushe za a fara. Ta ce gobe, amma in zo ban sha koko ba. Na tafi ban gaya wa Ummaru ba, sai da na dangwala yatsa a takardar yarda sannan ya ji.

Awon farko ba na mantawa da shi. Aka ɗora ni a sikeli, aka jingina ni da bango aka auna tsawona. Ta ɗaura mini wani ƙyalle a damtse, ta yi ta matsa 'yar roba har na ji hannun zai fashe, tana saurare da abin kunnenta, wai hawan jini take dubawa. Ta miƙo mini wani ƙarfe mai agogo a jiki ta ce in matse iya ƙarfina. Ta kawo kujerar katako marar hannu, ta ce in rungume ƙirjina in tashi in zauna, in tashi in zauna, ba dafa gwiwa. Ta ja layi da alli a ƙasa ta ce in yi tafiyata ta kullum. Sannan ta faɗi sunayen abubuwa uku ta ce in riƙe, ta ɗauke mini hankali da wata hira, can ta ce in maimaita. Duk wannan ciki ba komai, rana ta ɗaga, kuma allura na jira a ƙarshe.

Amma ba allurar ce mai wuya ba, tambayoyin ne. Sau nawa kike tashi fitsari? Yana kufce miki? Kin taɓa fita ki rasa hanyar gida? Akwai ranar da kike ji da ma ba ki farka ba? Mu an rene mu a kan ko kana mutuwa aka ce ya jiki, ka ce da sauƙi. To a wannan aiki da sauƙi ba amsa ba ce. Tsohuwar da ta zauna gaban 'yar cikinta ta faɗi abin da ko 'ya'yanta ba su sani ba, ta yi aiki, kuma ba don kanta ta yi ba, don ba ita za ta ci amfanin ba. Ku riƙe wannan kafin ku buɗe baki gaban kakar wani.

Bayan 'yan makonni Sista ta zo gidan nan. Maza tsofaffi suna zuwa asibiti, amma matan suna cikin gida, kuma in ta shiga ita kaɗai sai su shimfiɗa mata tabarma, su ba ta ruwa, su ce lafiya lau suke. Ta ce tana son tsohuwa irinsu wadda aka riga aka auna, ta shiga gaba. Ba albashi ba ne, aikin sa kai ne, sai dai a kai ni a dawo da ni. Ban bari ta gama ba na ɗauko mayafi.

Gidan farko da muka shiga tare a Gwadangaji yake, wajen wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na jingina kujera da bango yadda aka nuna mini, matar ta rungume ƙirji, ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa jikinta na rawa. Ban san lokacin da na kama ta na ɗaga ba. Sista ta ajiye agogonta. Sai da muka fito ta yi magana.

"Inna, yau ƙarfinki muka auna, ba nata ba."

Na ce to in tsaya ina kallo ta faɗi?

"Ki tsaya kusa, yadda in za ta faɗi ki tare. Amma hannunki a baya. In ta kasa, kasawar muke son mu sani. Baɗi in mun dawo, da me za mu gwada?"

Na daɗe kafin hannuna ya koyi zama a baya. Baki ma haka. In aka zo sunayen nan uku, tsohuwa ta faɗi biyu ta tsaya tana kallona, na ukun yana kan harshena kamar barkono. Sai in juya in kalli kaji. Na koyi wanke bakin ƙarfen matsewa bayan kowane mutum, na koyi sa sikeli a wuri mai tauri ba a kan yashi ba, na koyi riƙe kular ƙanƙara da ake sa kwalaben jini a ciki, kada ta sha rana, kada a buɗe ta ba dalili. Na koyi korar ɗan da ke tsayawa a kan uwarsa yana amsa mata, in ce ɗana, ɗebo muna ruwa, in ya dawo in sake aikensa.

Shekaru ma aiki ne. Ba wanda ya san nasa. Ka tambayi tsohuwa ta ce ɗari, ƙawarta da suka yi wasan ƙasa tare ta ce hamsin. Sai mu zauna mu bi a hankali. Lokacin da fara ta cinye gero, kin yi wayo? Da aka kwashi samari zuwa yaƙin Turawa, kina gidan miji ko kina gidanku? Wa ya girme ki a unguwar nan? Sista na lissafi, ni ina jan hira, har a sami abin da ya yi kusa.

Mutanen kuwa iri-iri. Akwai wadda za ta bari a gama komai sannan ta buɗe tafin hannu tana jiran ƙwaya, in an ce babu ta ce an cuce ta. Akwai mai son burge mu, ya yi tafiyar alli kamar ana korar sa. Akwai wadda ba awon ne ya dame ta ba, ta dai sami waɗanda za su zauna su saurare ta, ranar sai mu yi azahar a gida ɗaya. Akwai waɗanda suka ce a'a tun daga zaure, kuma Sista ta hana ni komawa in lallashe su. Ta ce a'a ma amsa ce, mu yi godiya mu wuce.

A shekara ta biyu aka faɗaɗa aikin zuwa Argungu. Ranar farko a unguwar masunta muka tarar da wani tsoho a gindin bishiya yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, ƙafafunsa duk tsagar ruwa. Baba Nomau ke nan. Ni na fara gaishe shi, na yi masa bayani, na nuna masa damtsena inda aka ɗibi nawa jinin. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mi kuka nema ga tsoho? In ƙarhi na, kawo ƙarhen in gwada muku."

Ya matse ƙarfen nan har na ji tsoron kada ya lanƙwashe. Kujera kuwa ya tashi ya zauna kamar saurayi, mutane suka taru ana shewa. Sai da aka zo ƙyallen damtse na ga Sista ta saki iska ta sake matsawa, ta jira, ta sake a ɗaya hannun. Ta ce masa jininsa ya hau ƙwarai, ya je asibiti a yau ba gobe ba. Ta rubuta masa takarda.

"Wanga abu ƙarya shika yi," in ji shi. "Ni da nika wuni cikin gulbi?"

Ya je dai, aka ba shi magani, ya sha har ya ƙare, bai koma ba. Da muka dawo shekara ta zagayo, Sista ta sake faɗa masa, ta sake rubuta takarda, ta kira babban ɗansa Garba ta faɗa masa shi ma. Amma Baba Nomau ya zama namu. Shi ya ja mana tsofaffin masunta, duk wanda ya noƙe sai ya ce masa tsoron allura yake ji kamar mace, har ni in ce Baba, mu mata ai mun riga ku. Shi ne kuma ya shigo da yayarsa Tumba, wadda ke zaune a ɗakin ƙurya na gidansa tun da mijinta ya rasu. 'Yar ƙarama ce, ta bushe kamar kifin banda, idonta ya yi yana, ba ta iya matse ƙarfe ko kaɗan. Amma jininta lafiya lau kamar na budurwa, kuma sunayen nan uku ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba.

To, ga mugunyar shekara. Damina ta yi ƙarfi, gulbi ya cika ya haura, ya shafe shinkafar fadama tun daga Ambursa har Argungu. Gidajen bakin ruwa suka zube, zazzaɓi da gudawa suka biyo baya, kowane gida da makoki. Mutane a ƙufule suke, kowa na neman inda zai sauke abin da ke cinsa. Da hanya ta bushe muka je awon shekara. Baba Nomau ya rame, jirginsa ɗaya ruwa ya tafi da shi, amma ya miƙa hannu aka ɗiba, ya yi mana ba'a kamar kullum. Sista ta roƙe shi ya bi mu a mota zuwa asibiti, ya ce sai ya gama gyaran ɗakin da ya faɗi. Ba a yi mako ba ya yanke jiki a bakin gulbi yana jan koma. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, washegari ya cika.

Labarin mutuwar da labarin jinin tare suka iso Birnin Kebbi. Aka ce mun zuƙe shi. Aka ce jinin tsofaffi masu ƙarfi muke tarawa ana sayar wa masu kuɗi su ƙara kwana, shi ya sa muke auna ƙarfin mutum tukuna. Aka ce kular nan da nake riƙewa cike take fal. Da motarmu ta koma Argungu aka tare ta da jifa kafin ta kai unguwar, gilashin baya ya fashe, direba ya juya. A nan Nasarawa ma gidajen da nake shiga ba sallama suka fara cewa tsohuwa na barci. Na je suna, wata mata ta janye jikanta daga kusa da ni. Babban likitan da ke shugabantar aikin ya ce a dakatar da komai sai ƙura ta lafa.

Aka dawo da ni tsakar gidan nan. Na kasa ci, na kasa zama, in kai bakin zaure in dawo. Ummaru ya ce maganar ta kai ofis, ana nuna shi, kada in ƙara taka ƙafa wajen aikin nan.

Na ce, "Ni nik kai musu Nomau. Da bakina na ce mishi ba komi. In ban tahi gaisuwa ba, na amsa laihin ke nan."

"In suka taɓa ki fa?"

Na ce su taɓa, tsohuwa ce za su taɓa. Ya tsaya yana kallona ina ɗaura kallabi. Can ya ɗauko makullin babur ya kai ni tasha da kansa. A tashar na tarar da Sista Rahila, don na aika mata da daddare cewa zan tafi. Ba farin kaya a jikinta, atamfa ta ɗaura ta yafa gyale. Na ce ta koma, ita suka fi jin haushi. Ta ce ita ta soka allurar, ba ni ba.

Ana cikin zaman makoki muka isa. Maza na ƙofar gida a kan tabarmi, muna doso wurin suka juyo suna kallonmu. Garba ya miƙe ya tare ƙofa.

"Kun zo ɗibar na wa kuma?"

Na ce gaisuwa muka zo, Allah Ya jiƙan Baba. Ya ce ba ya so, mu koma inda muka fito tun yana ganin furfurata. Samari suka fara matsowa. Sai muka ji murya daga cikin gida, siririya amma ta kai.

"Garba, Kulu ta? Bar su su shigo. Ni ka kiran su."

Tumba ce. Ba yadda ya iya da gwaggonsa, ya kauce. Muka same ta a bakin ɗakinta, mata sun kewaye ta, ba wadda ta matsa mana wuri. Muka durƙusa a ƙasa muka yi gaisuwa. Ta amsa, ta lalubo hannun Sista ta riƙe, ta ce ba dogon zance take so ba.

"Ɗiyata, jinin ƙanena da kunka ɗiba, ina shi?"

Na buɗe baki zan fara rantse-rantse, Sista ta taɓa ni. Ta ce an kai shi ɗakin gwaji a Sakkwato. An yi aiki da wani, an duba sukari da ƙarfin jini, saura kuma yana cikin firji, an ajiye don gwajin gaba, kamar yadda aka faɗa masa ranar da ya dangwala yatsa.

"Shina nan ke nan."

"Yana nan, Yaya," na ce.

"To ku maido shi. An rufe Nomau, wani yanki nai na cikin sanyi garin wasu. Ku kawo a rufe shi inda mai shi yake. In kun kawo, na san ajiya kunka yi. In ba ku kawo ba, na san abin da mutane ka hwaɗi gaskiya na."

Sista ta ce ba ita ke da iko ba, amma za ta kai maganar yau. Muka fito ta tsakiyar samarin nan, ba wanda ya taɓa mu, ba kuma wanda ya amsa sallamarmu.

Na zaci likitan zai ƙi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ai haƙƙinsu ne, an faɗa wa kowa yana iya janye kansa da jininsa duk ranar da ya so, ba a dai taɓa tambaya ba ne. Wahalar ita ce kwalaben ba suna a jikinsu, lamba ce, sai da ya tafi Sakkwato da kansa aka bi aka fitar da ta Nomau. Kwanakin jiran nan na fi jin su a ƙafa. Kullum sai na je asibiti na tambayi Sista ko ya dawo, har masu gadi suka daina tambayata wajen wa na zo.

Ranar da muka koma, ni na riƙe kular a cinya. Likitan ya zauna wajen maza a ƙofar gida ya yi ta'aziyya, mu muka shiga. Gidan ya fi ranar farko cika, har kan katanga mutane, kowa ya zo ganin jinin da aka zuƙe. Na ajiye kular gaban Tumba na buɗe. Mata suka ja da baya. Sista ta sa hannu cikin ƙanƙara ta ɗauko 'yar kwalba, ba ta kai ƙaramin yatsana ba, kuma ko rabi ba ta cika ba. Ta sa mata a tafin hannu.

Tumba ta juya ta, ta shafa murfin, ta kai kusa da idonta mai ɗan gani. Ta sa ɗaya hannun cikin kular ta laluba ko'ina, ba komai sai ƙanƙara.

"Shi ke nan duka?"

Sista ta ce wanda aka yi aiki da shi ma bai fi haka ba.

"Kai," in ji Tumba. "Matsattsaku guda ya hi ku sha. Nomau kan dawo daga gulbi da su biyar ga ƙahwa."

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Tumba ba ta yi ba. Ta warware bakin zanenta ta yage ƙyalle fari da ta tanada, ta naɗe kwalbar a hankali kamar mai naɗe jariri, ta sa aka kira Garba. Ya shigo ya durƙusa, ta ba shi, ta ce ya tafi da liman a tona gefen kabarin ubansa a sa. Ya karɓa da hannu biyu. Bai dube mu ba, kuma har yau in mun haɗu a hanya ba ya gaishe ni. Ban riƙe shi ba, uba ya rasa.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru ranar. Da yawa cikin tsofaffin Argungu ba su sake yarda ba, wasu ma suka ce ai kwalbar da aka kawo ta nuni ce, sauran an riga an sayar. Aikin ya ci gaba da waɗanda suka rage, a gurguje, gida ɗaya a buɗe mana gida biyu a rufe. Abin da ya canza shi ne tun daga lokacin ba mu sake ɗibar jinin kowa ba sai mun ba shi kwalbar da ba komai ya riƙe, ya ga girmanta, mun faɗa masa garin da za ta kwana da yadda zai karɓe ta in ya so. Ku ma ku yi haka, ko ba a rubuta muku ba.

Da muka tashi tafiya ranar, na rufe kular, Tumba ta riƙe mini zane. Ta ce mu zauna, ba ta gama ba.

"Ni nig goye Nomau," in ji ta. "Na girme shi nesa. Shi ad da ƙarhi, shi ka cin kihi mai kyau, ni tun ina yarinya aka cewa ba ni kai baɗi. Ga shi ya tahi, ga ni zaune. Kun ce abin da kuka bincike ke nan. To ku zo ku duba abin da ya hana ni mutuwa, ni ma ina son in sani."

Muka ci gaba da zuwa mata. Ta ƙara shekaru masu dama, idon ya rufe gaba ɗaya, daga baya ko zama sai an jingina ta. Duk zuwan da muka yi, da ta ji muryarmu a tsakar gida, kafin a gama gaisuwa take tambaya.

"Kun gano?"

Sista ta ce, "Ba mu gano ba tukuna, Inna."

Sai ta ture mayafi, ta miƙo wannan siririn hannu nata.

"To ku ƙara ɗiba."